Na Je Neman Mutane a Tirwun ta Jamus

Jama'ar gurup, ga ni na dawo, kuma daga bakina za ku ji labarin kafin masu ƙarin gishiri su riga ni. Ga sababbin shiga: ni ne Nura, ɗan aji huɗu a sashenmu na tsara birane, wanda aka tura Jamus kwas na sati biyu. Kafin in tafi shugaban sashe ya kira ni ofis ya ce, "Nura, wannan ne karo na farko da suka ba mu gurbi. In ka je ka yi mana shirme, baɗi ba za su ƙara kiranmu ba." Wato 'yan aji uku, kujerarku a wuyana take tun daga ranar. Ku karanta da kyau.

Tirwun zuwa Abuja

Tun kafin kiran assalatu gidanmu da ke Tirwun, a gefen Bauchi, ya tashi. Yaya Hadiza, yayata da ke aiki a sakatariya, ta zazzage akwatina ta zaro kilishin da Mama ta cusa a ƙasan kaya.

"Nama ba ya shiga ƙasarsu. Sai dai ka cinye abinka a Abuja."

Mama ta ɓata rai, ta rama da soyayyar aya leda guda fal, da kantun riɗi. Na ce, "Mama, Turai fa zan je, ba makarantar kwana ba." Ta ce, "Riƙe dai, ba a kanka za ka ɗora ba."

Ana idar da sallah na hau keke zuwa tasha. Mota ta kusa cika, saura mutum ɗaya, kuma wannan mutum ɗayan sai da rana ta fito sosai sannan Allah ya kawo shi. Kafin nan na ci masa da miyar taushe, na san sunan kowa a motar, na san wadda za ta je biki da wanda zai kai takardun fansho. Har lambar waya mun yi musaya da wani dattijo.

Muka wuce Toro, muka ratsa Jos da sanyinta, muka ci shinkafa a Akwanga. Shingayen hanya kam ban ƙirga ba. A wani kafin Keffi soja ya leƙo ya ga akwatina.

"Wannan na waye?"

Direba ya ce, "Na ɗalibi ne, oga. Jamus ya nufa."

"Jamus? Da wannan silifas ɗin?"

Motar ta kwashe da dariya. Muka shiga Abuja bayan la'asar.

Abuja zuwa Frankfurt

Jirgi ya tashi da dare, ni kuwa na sha barcina, sai farkawa na yi na ga Turai ta taga. Jami'in shige da fice ya duba takardar gayyata, ya dube ni, ya buga hatimi. Daga ƙarƙashin filin jirgin na sayi tikitin jirgin ƙasa a wata na'ura da ta kusa cinye mini haƙuri. Na canza jirgi a cikin birni, na hau wani ƙarami mai tsayawa ko'ina kamar bas ɗin Yalwa ta Bauchi. Wajen rabin awa muka yi muna yin arewa, benaye suna raguwa, gonaki suna ƙaruwa, sai ga tashata.

Garin

Sunan garin ya fi ƙarfin harshena, duk sanda na faɗa sai sun yi murmushi. Ni dai Tirwun ta Jamus nake ce mata, za ku ga dalili.

Garin a kwari yake. Wani ɗan rafi ya ratsa shi, wanda a wajenmu yara za su tsallake shi da gudu. Arewa tudu ne da daji, gefen tudun gonakin tuffa, kuma na je daidai lokacin nunarsu, suna zube a ƙasa ba mai kallo. Wallahi zuciyata ta yi ciwo. Layin dogo ya raba garin biyu. Wannan ɓangaren tsohon gari ne: coci, lunguna ƙanana, gidaje masu katako a jikin bango, wasu har sun karkace. Wancan ɓangaren sabuwar unguwa, gidaje iri ɗaya a jere, kowanne da gareji. In ka hau tudun, ga dogayen benen Frankfurt can nesa suna leƙenka.

Mai masaukina tsohuwa ce, Birgit, malamar firamare da ta yi ritaya. Na ce mata a wajenmu ba a kiran babba da gatsal, zan riƙa ce mata Kaka. Ta maimaita kalmar sau biyu ta ce ta karɓa. Abincin dare burodi ne mai tauri da cuku, da sanyinsa. Na ci na ce ya yi daɗi, na shiga ɗaki na cike gurbi da kantu.

Aikin da aka ba ni

Satin farko lacca ce a Frankfurt, sai rana ta yi nake hawa jirgi in je, ba matsala, na wuce ta tsaf. Sati na biyu Farfesarmu ta raba wa kowa garin da yake kwana. Aikin: ka yi hira da mazauna garin goma masu zuwa aiki, ka naɗa a waya, ka ji me ya zaunar da su a nan kuma ina suke aiki. Juma'a a gabatar. Banda mai masauki a cikin goman.

Na ce a raina, mutum goma? Ni da nake cika mota da hira? An gama.

Litinin da hantsi na sha wanka na fito neman majalisa. Ai kowane gari yana da inda maza ke zama, ko gindin bishiya, ko teburin mai shayi, ko ƙofar shagon tela. Na zaga tsohon gari, na tsallaka layin dogo na zaga sabuwar unguwa. Baba, babu kowa. Bencina ga su nan masu kyau a ƙarƙashin bishiyoyi, ba mai zama. Tagogi a rufe. Kyanwa ɗaya na gani, ita ma ta canza hanya.

Na shiga gidan burodi na tare mai sayarwa. Ta ce ita daga wani ƙauye take zuwa. Mai raba wasiƙu ma ba ɗan garin ba ne. Talata na koma danna ƙararrawar gidaje ɗaya bayan ɗaya, shiru kake ji. Da yamma masu gidajen suka dawo, kowa a gajiye da leda a hannu. Wani ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce in rubuto masa saƙo, zai samar mini lokaci nan da sati biyu. Na ce, "Oga, nan da sati biyu ina Bauchi." Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, ya rufe.

Kaka Birgit ta ga fuskata ta ce gobe in raka ta maƙabarta, za ta shayar da furannin kabarin mijinta. Laraba muka je. Abin mamaki, kowa yana da butar ban ruwansa a rataye jikin wani ƙarfe, an garƙame ta da kwaɗo. Buta fa! Ta buɗe tata da ɗan makulli, muna tafiya tana nuna mini duwatsun kaburbura.

"Waɗannan na farko manoma ne da masu tuffa. Dubi sunayen, gida uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa. Da layin dogo ya zo, 'ya'yansu suka fara zuwa birni aiki. Wannan layin kuma waɗanda aka koro daga gabas ne bayan yaƙin duniya na biyu. Mahaifiyata tana cikinsu, da ƙunshin kaya ɗaya ta iso. Daga baya Turkawa suka zo aikin masana'antu. Sai na yanzu, ma'aikatan ofis da kuɗin hayar birni ya koro. Gonar da nake wasa ina yarinya ita ce sabuwar unguwar nan. Mutane sun ƙaru sosai, amma rabin 'yan layina ban san sunansu ba."

Tarihi na samu, ba ƙarya. Amma hira sifili, ga Juma'a saura kwana biyu. Na fara hango fuskar shugaban sashe.

Da yamma na kira Yaya Hadiza ina ta ƙorafi. "Yaya, garin nan fatalwa ne. Ba mutane!"

"Da wane lokaci kake fita?"

"Da hantsi mana."

Ta yi dariya har da tari. "Nura, kai yaushe rabonka da ka wuni a Tirwun? Ni da asuba nake fita, Mama ta tafi shagonta a kasuwar Wunti, kai ka tafi makaranta. Duk 'yan sababbin gidajen nan haka suke. In kana son ganinmu, bakin titi za ka zo da sassafe muna rububin keke."

Na kashe wayar ko sallama ban yi ba.

Tasha

Alhamis gari bai gama wayewa ba ina tasha, sanyi yana yankan kunne. Jama'a! Ashe ga inda garin yake. Dandamali cike maƙil, maza da mata, kekuna a jere kamar na haya. Na ji kamar in yi guɗa.

Sai dai fa kowa ya toshe kunne, ido a waya, kofi a hannu. Na gaishe da na farko, ya gyaɗa kai ya matsa. Ta biyu ta nuna mini agogo. Shiru kamar ɗakin jarrabawa, kuma na san jirgi yana zuwa zai kwashe su duka ya bar ni da bencina.

Sai lasifika ta yi magana. Ba na jin Jamusanci, amma na ji tsakin da ya biyo baya, irin namu sak. Na tambayi wani mai gemu kusa da ni. Ya ce jirgin zai makara. Can aka sake magana, ya ce an soke shi gaba ɗaya, na bayansa ma ba tabbas. Eh, a Jamus. Ku daina yi mini musu.

Nan fa aka fara cire abin kunne, ana huci, ana kiran ofis. Ni kuwa sai na ji jikina ya saki. Wannan ai na san shi. Tasha ce, ana jiran mota. Nan gidana ne.

Na zauna na zaro ledar Mama na fara taunar aya, ƙurus-ƙurus. Mai gemun ya juyo.

"Mene ne wannan?"

"Aya. Daga Bauchi. Bismillah."

Ya ce, "Bismillah?" Ya yi dariya ya miƙo hannu. Sunansa Murat, kakansa ne ya zo daga Turkiyya, shi a garin aka haife shi, yana aiki a filin jirgi. Wata mata mai jan gyale ta tambaya ko da gyaɗa a ciki, na ce babu, ta ɗauki ɗaya ta tauna a hankali ta ce kamar kwakwa. Na ba su labarin yadda muka jira mutum ɗaya a tashar Bauchi har rana ta fito.

Matar ta ce, "To ƙarfe nawa motar take tashi?"

"In ta cika."

Murat ya ce, "Ka ga su motarsu ba ta taɓa makara ba ke nan!"

Dariya ta tashi har waɗanda ke baya suka matso su ji. Leda tana zagayawa, na ce ni ɗalibi ne, ga aikin da aka ba ni, ga halin da nake ciki, gobe ne gabatarwa. Matar ta ce, "Ai ba inda za mu. Kunna wayarka."

Shap-shap na fara. Ita a banki take aiki, ta baro birni don haya ta yi mata tsada. Wani malamin asibiti ya ce don yaransa su riƙa zuwa makaranta a ƙafa. Wani saurayi ya ce shi ba son garin yake ba, ɗakin mahaifiyarsa ne kyauta. Wata ta ce tana son dajin, amma ranar Lahadi kawai take ganinsa da rana. Ana cikin haka Murat ya faɗi sunan layinsu, mai jan gyale ta zaro ido. Layi ɗaya suke, shekara da shekaru, jirgi ɗaya suke hawa, ba su taɓa gaisawa ba sai a kan ayar Mama.

Da jirgi ya iso na wuce goma, ledar kuma saura 'yan ƙwayoyi a ƙasa. Suka ɗare suka tafi, dandamali ya koma wayam kamar ba a yi ba.

Juma'a

Na gabatar da taswirar garin, da tarihin da Kaka Birgit ta ba ni, da muryoyin. Na ce garin nan sau biyu yake cika a rana, kuma duk a tasha. Farfesa ta tambayi yadda na shawo kan mutane da sassafe, abin da ɗalibanta na nan ma suke kuka da shi. Na faɗa mata gaskiya, na miƙa mata ragowar ayar. Ta tauna, ta yi rubutu, ta ce, "Wanda zai zo daga sashenku baɗi, ka ce ya taho da leda biyu."

'Yan aji uku, kun ji? Baɗi ta ce! Na fita waje na yi tsalle ni kaɗai.

Komawa

Kaka Birgit ta raka ni tasha da kwalbar tuffa da ta dafa da kanta, ta ce in kai wa Mama. Jirgin ranar ya zo a kan lokaci, ba wanda ya kula kowa. Na kwana a Abuja, na bi motar asuba, Keffi, Akwanga, Jos, Toro, na sauka Bauchi rana tsaka. Ban gaya wa kowa ranar isowata ba, so nake in yi musu bazata, ɗan Jamus guda.

Keke ya sauke ni a ƙofar gidanmu. Kwaɗo. Gidan maƙwabta, kwaɗo. Layin gaba ɗaya tsit, sai awaki biyu da magina can suna ɗora bulo a inda gonar dawa take bara. Na kira Yaya Hadiza.

"Yaya, na iso fa. Ina kuke?"

"Muna cikin gari mana, ɗan Jamus. Sai bayan la'asar. Kunna wayarka ka yi hira da awaki."

A kan akwatina nake zaune yanzu nake rubuto muku wannan, ina jiran garinmu ya dawo. Alhamdulillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa shugaban sashe, da Kaka Birgit, da Yaya Hadiza duk da iskancinta, da Mama da ta ce in riƙe dai.