Abin da Maman Asher ta gani a cikin ƙwai

A unguwar Yalwawa ba kowa ne ya san sunanta Jemimah ba. Maman Asher ake ce mata, ko kuma mai kaji. Daga Filato suka zo Dutse ita da mijinta George, lokacin da ya samu aikin gwamnati. Cikinta ya tsufa a lokacin, surukarta ta ce ta zauna sai ta haihu, ita kuwa ta kafe. Ta bi mijinta a gaban motar kaya, hanya duk ramuka.

Da aka haifi Asher sai aka ga wani ƙullutu a ƙasan bayansa. An yi masa aiki a Kano, ya rayu, ga surutu kamar rediyo, amma ƙafafunsa ba su taɓa ɗaukarsa ba. Magana ɗaya surukar ta yi: "Motar nan ce." Ba ta maimaita ba har ta rasu. Jemimah ta riƙe maganar shekara da shekaru, kullum tana cin ta a rai, ta yarda ita ce ta nakasa ɗanta.

Tunda ba ta iya barin yaron ta tafi kasuwa, sai ta kama kiwon kaji a bayan gida. Zakarunta sun hana maƙwabta sakat, amma su ne suka kawo mata Dakta Zulaihatu, mai bincike a jami'a kan yadda ƙwaƙwalwa ke fara samuwa. Ƙwan manyan gonaki ba ya yi mata amfani, don kajinsu ba su san zakara ba. Takan ɗumama ƙwan Jemimah a inji, ta huda ɓawon, ta leƙa. Jemimah dai ɓarna ta ɗauki abin: ƙwai ba a soya ba, ba a bar shi ya ƙyanƙyashe ba. Amma ba ta taɓa ƙin sayarwa ba.

Wata rana ta kai ƙwan da kanta, Dakta ta ce, "Maman Asher, zo ki ga abin da muke yi da kayanki."

Ta kanga ido a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa. Wani siririn layi ta gani, gefensa biyu sun tasa.

"Farkon ƙwaƙwalwa da laka ke nan," in ji Dakta. "Gefen nan biyu za su haɗe kamar an ɗinke bakin buhu, daga ciki ƙwayoyin jijiya za su riƙa fitowa. Mutum ma haka yake farawa. In wani wuri bai rufe ba, sai a haifi yaro da buɗaɗɗen baya."

Jemimah ba ta ɗago ba. "A mutum yaushe yake rufewa?"

"A watan farko. Mata da yawa ba su ma san suna da ciki ba."

"To in mace ta shiga mota da tsohon ciki, ta sha jijjiga fa?"

"Ai tuni an wuce wurin. Wani lokaci ƙarancin wani sinadari ne a jiki, wani lokaci ba mu san dalili ba, shi ya sa muke ta fasa miki ƙwai."

Ta yi godiya, ta ɗauki kwandonta ta hau acaɓa. Daɗi ta zata za ta ji, sai ta ji haushi ne ke taso mata.

Da yamma George ya dawo, ta zuba masa abinci, ta faɗa masa duk abin da Dakta ta ce. Ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ai ni ban taɓa cewa ke ce ba," in ji shi.

"Haka ne, Baban Asher," ta ce. "Ba ka kuma taɓa cewa ba ni ba ce."