Ƙoshiyar Keken Inna

A gindin keken ɗinki Goggo Auta ta yi wayo. Tun ba ta kai tsayin teburin ba take zama kusa da ƙafar Inna tana tsince ƙyallaye, har ta san kukan keken idan yana neman mai. Baƙin keke ne irin na da, wanda ake takawa da ƙafa. Amma ba Inna ce ta koya mata ɗinki ba, yayarta ce, wadda dangi ke kira Goggo Babba. Kuma kowa ya ji da kunnensa lokacin da Inna ta ce bayan ranta keken na Babba ne, tunda mijin Babba ya mutu ya bar ta da yara.

Ranar da aka binne Inna, Babba na falo tana karɓar gaisuwa, Auta ta shigo da mai baro ta ƙofar baya aka fita da keken. Hujjarta ita ce ita ta yi jinya, ita ta kwashe kashi da fitsari. Da keken ta buɗe shago a bakin titi, ta yi suna wajen ɗinka kayan makaranta da rigunan mawaƙan coci. Babba kuwa ta koma wankau, sabulu ya tsattsage mata hannu. Ta daina kiran sunan ƙanwarta, sai dai ta ce ɓarauniyar makoki. Har coci ta canza, don a cewarta ba za ta zauna ɓarauniya na rera mata waƙar yabo ba.

Shekaru suka tafi a haka. Auta ba ta wasa da sujada, kuma duk wanda ya yi mata zancen yayarta sai ta dafa ƙirji ta ce ita dai ta yafe. Wata Lahadi fasto ya karanta wurin da Yesu ya yi magana a kan mai kawo baiko, wanda ya tuna ɗan'uwansa na riƙe da shi a rai: ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna. Fasto ya nanata cewa ba a ce wanda kake riƙe da shi ba, wanda yake riƙe da kai aka ce. Auta ta koma gida ta buɗe nata Littafin ko fasto ne ya ƙara gishiri. Haka ta tarar da shi, ba ragi.

Daga ranar, duk lokacin Jibin Ubangiji, idan dattijo ya iso da tiren gurasa da ƙananan kofuna, sai ta sunkuyar da kai ya wuce. Matan zumunta na coci ba su bar abin ya wuce ba. Macen da ba ta cin jibi ai horo aka sa mata, in ji su, kuma ba a sa horo a banza. Wata ma ta rantse ta ga takalmin namiji a ƙofar shagon. Auta ta ji duka. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tiren nan da ke wuce ta kamar baƙuwa.

Da farko da baki ta je wurin yayarta, da yadi mai tsada a leda. Ta tarar da Babba a tsakar gida tana cuɗa zannuwan mutane. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Babba ta tambaya da keken wa aka samo yadin, sannan ta juye ruwan wanki ya bi ta ƙarƙashin gwiwoyinta.

Ta fahimci baki ba zai yi ba. Ranar Asabar kafin jibi na gaba ta sake kiran mai baro don a mayar wa Babba da keken. Tana goge keken, zuciyarta na tafasa: ita da ta yi jinya, ita ce za ta koma ɗinki a keken haya? Sai ta zame ɗan murfin da ke ƙarƙashin allura ta zare ƙoshiya, ƙarfen nan da zaren ƙasa ke zama a ciki, ta jefa a jakarta. Ta san irin ta wannan keken ta ɓace a kasuwa, kuma in babu ita allura za ta yi ta huda yadi ne kawai ba ɗinki. Keke aka ce, ga keke.

Babba ba ta ba ta wurin zama ba. Ta zagaya keken kamar mai taya akuya, ta ce an tsotse shi an kawo mata ƙashi, ta nuna wa mai baro lungun da zai ajiye.

Washegari Auta ta sa fararen kaya ta zauna a layin gaba, inda matan zumunta za su gani da kyau. Dattijo ya iso bakin bencinsu da tire. Ta sa hannu a jaka neman hankici, yatsunta suka taɓa ƙarfe mai sanyi. Ta yi ƙoƙarin gaya wa kanta ƙarfe ne kawai, bai kai babban yatsa ba. Dattijo na tsaye yana jira. Ta miƙe, ta ratsa gwiwoyin mutane ta fita, tana jin idanu a bayanta.

Ta tarar da Babba zaune a gaban keken, yadi a ƙarƙashin allura, murfin a buɗe.

"Har an tashi, waliyyiya? Ko gurasar ce ta shaƙe ki?"

Auta ta ajiye ƙoshiyar a kan teburin. "Ni na cire, Yaya. Da gangan."

"Ai na sani. Ni na koya miki cire ta. Jira nake in ga ko za ki iya haɗiye jinin Yesu da ita a jaka."

Babba ta mayar da ƙoshiyar ba tare da ta duba ba. Amma da ta zo sa zare a allura, tsagaggun yatsunta suka ƙi, idon ma ya ƙi. Ta yi ta gwadawa, ta ja tsaki.

"Tsaye za ki yi mini kamar gunki? Sa mini zaren nan ki fita."

Auta ta lashi bakin zaren ta zura. Tana sunkuye ta tambaya a hankali ko Yaya ta yafe.

"Ban yafe ba. Kayana kika dawo da shi, ba kyauta kika yi mini ba. Shekarun da na yi a bakin baho wa zai dawo da su?"

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Da ta koma coci har an watse, matar fasto na wanke kofuna a bayan ɗaki.

Har Babba ta koma ga Ubangiji ba ta janye maganar ba, sunan ɓarauniyar makoki ma bai fita bakinta ba. Auta ta ƙarasa aikinta a kan keken haya, a kusurwar shagon wani. Amma a jibin da ya biyo bayan wancan, da dattijo ya tsaya a gabanta, ta buɗe jakarta ta laluba har ƙasa, ta leƙa, sannan ta miƙa hannu. Haka ta riƙa yi duk lokacin jibi, kuma matan zumunta ba su taɓa sanin abin da take nema ba.