Mangwaron Birkila a Barandar Asibiti

Rana ta ƙwalle, ga wani ƙaton mutum zaune a bencin asibiti da kwano a cinya. Farcensa duk siminti, ina jin birkila ne. Yana yayyanka mangwaro da ayaba ƙanana-ƙanana, ya zuba madara mai sanyi, yana juyawa a hankali kamar mai lallashin jariri.

Nas ta leƙo. "Maigida, kwana uku matarka ko shayi ta ƙi karɓa. Wannan kwaɓin naka za ta sha?"

"Ke dai ba ni hanya."

Can sai ga shi ya fito daga ɗakin da matarsa take, ya nufi nas ɗin cike da murna.

"'Yar'uwa, ta shanye tas. Har faɗa take yi mini, wai har yau ban iya zaɓen mangwaro ba."