Ragowar Cikin Taubashina

Ni mutum ne mai ƙara wa zance gishiri, duk unguwarmu ta Badariya an shaide ni. In na ga kifi kamu ɗaya a kasuwa, kafin in iso majalisa ya zama wanda sai da amalanke aka ɗauko shi. Wannan labarin dai ba zan ƙara masa ko ƙwaya ba.

Ina da taubashi a Argungu, ɗan gwaggona, manomin shinkafa. Muna samari gyambon ciki ya sa shi gaba har ya fara aman jini. Ni na raka shi asibiti a Sakkwato, don ni ne mai ɗan boko a dangi. Aka yanke fiye da rabin tumbinsa, aka haɗa ragowar da hanji. Ranar sallama likita ya ja ni gefe. Ya ce ruwan maɗaciya zai riƙa komowa cikin ragowar nan yana cin ta a hankali, kuma bayan shekaru masu yawa takan rikiɗe ta zama ciwon daji. In an daɗe a dawo da shi a leƙa cikin, ko da lafiyarsa lau. In kuwa ya fara rama, kada a jira.

A mota ya tambaye ni, "Mi likita yac ce?"

Bakina ya riga ni. "Ya ce cikinka bai kai ludayi ba, bawana. Daga yau kai da kaza kwano guda."

Ya yi dariya har yana dafe ɗinki. Wata uku ban ga haƙoransa ba, sai na ce a raina, bari sai gobe. Goben nan ta ci shekara ashirin da wani abu.

Kowace ranar cika-ciki nakan je Argungu musamman don in tsokane shi. Ni in share tuwon da zai ƙosar da masunta goma, shi loma biyar ya ce alhamdulillahi. In tara yara in ce su zo su ga mai cika ciki da ƙamshi. Wata shekara ya yi loma ɗaya ya ture. Matarsa ta ce tun farkon damina haka yake, ga amai, ga jiri in ya duƙa a fadama. Na ce, "Haba, yau kika san mijinki?" Kowa ya yi dariya. Duk gidan sun saba da ƙarancin cinsa, kuma ni na koya musu kada ya dame su.

Sai da ya miƙe zai raka ni na ga ya naɗe mazagin wando sau biyu a ƙugu. Nan maganar likita ta dawo mini, kalma kalma.

Na kawo shi Birnin Kebbi, aka zura masa siririn tiyo mai kyamara ta maƙogwaro, aka ɗebi nama. Da sakamako ya fito, daji ne, daidai bakin tsohon ɗinkin, har ya taɓa hanta. Likitan, wani matashi, ya tambaya da Turanci ko lokacin aikin ba a ce mu dawo ba.

Taubashina ya juyo. "Mi yac ce?"

Ƙarya uku suka zo mini a take, kowace da kyanta. Na haɗiye su.

"Ya ce ko ba a gargaɗe mu ba. An gargaɗe mu. Ni anka hwaɗa ma, ni kuma nib ba ka labarin kaza."



"Ko ka hwaɗi, wataƙila ban zuwa," ya ce. "Kwana na Allah ne. Amma da ni niƙ ƙiya da kaina, ba kai kaƙ ƙiya man ba."

Na nemi gafara. Bai ce ya yafe ba a ranar. Sai bayan sati biyu, yana kwance a zaurensa, ya ce akwai wani maƙeri a unguwarsu da aka yi wa irin aikin nan shekara guda bayan nasa, in je in gaya masa, kuma kada in ba shi dariya.

Na je. Maƙerin ya ce shi garau yake, ya yi gardama, ya kusa korata. Na zauna bakin maƙera tun hantsi har azahar, sai da ya wanke hannu ya hau bayan babur ɗina. A asibiti aka leƙa cikinsa, ba a ga komai ba, aka ce ya riƙa dawowa.

Da na kai wa taubashina labari ya lumshe ido ya ce, "To, na yahe." Bai ga yankan shinkafar shekarar ba.