Gawayin da Bai Cinye Ba

A ɗakin ƙasa na benenmu, bayan rumbun itace, Chicho Stamen, wato Kawu Stamen, yake ajiye injinan shararsa masu zuƙe ƙura. Guda arba'in da ɗaya ne, duk irin na da, masu jikin ƙarfe da taya da dogon tiyo. Wasu zagaye kamar tukunya, wasu dogaye kamar kan jirgin sama. Mu da muka yi shekaru a waje muka dawo, mun tarar an rufe masana'antar gwangwani, an rufe sinima, amma shi yana nan da fitilarsa da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Ba don shara mutane suke nemansa ba. Tsofaffin injinan nan, in ka cire tiyon daga gaba ka maƙala a baya, sai su koma hurawa. Ka ɗaura kwalbar farar ƙasa a bakin tiyon, ka fesa wa silin da bango, kafin azahar ɗaki ya yi fes. Sababbin injina ba su iya wannan ba. A da, mako biyu kafin bikin Ista, mata sai sun yi layin aro a ƙofarsa, domin ba mai yarda biki ya same ta da baƙin silin.

Abin da ke cinyewa a cikinsu shi ne burushi, wani ɗan gawayi kamar yatsa da ke gogar injin in yana juyawa. An daina sayar da irinsa tuntuni. Stamen yakan karɓi tsofaffin gawayin ƙahon bas mai lantarki, wanda ke gogar wayar wuta a sama, daga direbobi, ya yanka da zarto, ya goge har ya shiga daidai. Shekara tara ke nan da aka tsayar da bas ɗin, aka kwashe wayoyinsa. Gawayin ya yi ta raguwa a gwangwanin shayi har saura guntu ɗaya.

Masu aro ma haka. Wasu sun mutu, wasu sun bi 'ya'yansu, sauran sun sa silin roba. Saura Kaka Tsveta, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, a ƙauyen bayan kogi. Duk shekara takan zo a bas ɗin Laraba ta ɗauki koren injin, ta dawo da shi bayan mako da kwalba a wanke.

Rumyana, 'yarsa, tana ƙasar Sifen, kuma ta gaji da lallashinsa a waya. Tatko take ce masa, wato Baba.

"Tatko, na gyara maka ɗaki. Bayan Ista zan zo in tafi da kai. Tarkacen nan 'yan gwangwan su kwashe, jan ƙarfen ciki suke so."

"Tarkace? Kakarki ce tarkace."

"Kakata ta mutu, Tatko, ta huta. Wa ke nemansu?"

"Tsveta."

"Mutum ɗaya!"

"Mutum ɗaya ba mutum ba ne? Ranar da ba mai zuwa, ki zo da akwati, ba zan ce uffan ba."

Ta ce ta ji. Ta san shi, ba ya tashi daga magana.

Ranar Litinin ya sauko da koren injin. Shekara uku bai buɗe shi ba, yana jin tsoron abin da zai gani, kuma a lissafinsa burushin ya kai ƙarshe. Ya ajiye guntun gawayin a kan tebur, ya kwance sukurori huɗu, ya zaro burushin farko. Ya duba. Ya ƙara tabarau na biyu ya sake dubawa. Tsawonsa na nan yadda ya yanka shi, har zanen zarton bai goge ba. Na biyun ma haka. Ba a kunna injin nan ba ko sau ɗaya.

Bai jira Laraba ba. Ya mayar da sukurorin, ya shiga bas ɗin Talata da injin a kan cinya.

Ya same ta a tsakar gida tana rina ƙwan bikin Ista ja.

"Stamencho! Da kanka? Ko matar aure kake nema, ka makara?"

"Na kawo miki ne, Kaka, kada ki wahala."

"To ajiye a nan, bari in kawo maka kofi waje, ciki a hargitse yake."

Ya wuce ta gefenta ya shiga. Ya ɗaga kai. Silin roba ne, fari, mai sheƙi, har yana ganin sanƙonsa a ciki.

Ta biyo shi tana goge jan hannunta a zani.

"Ɗana ne ya sa, shekara uku ke nan. Na ce ba na so, ya ce kafaɗata ba ta ɗaguwa. Kuma gaskiyarsa."

"Injin fa?"

"Ƙarƙashin gado. Nakan goge masa jiki." Sannan ta ce, "Ranar da na zo in gaya maka, na tarar ka sa farar riga kana jirana a ƙofa. Sai na kasa."

Ya tsaya yana juya hularsa.

"Akwai akurkin kaji," in ji ta da sauri. "Wallahi yana son shafe. Kajin ma Kiristoci ne."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Amma ya dama farar ƙasar, ya tace da tsohuwar safa, ya ja waya har wurin akurkin. Injin ya tashi da ƙara ɗaya, lafiya lau, kajin suka watse. Minti goma aka gama. Ya wanke kwalbar, ya naɗe tiyon.

"Baɗi ma ka kawo," ta ce.

"Kaji biyar, Kaka. Tsintsiya ta ishe su."

Ta cusa masa jan ƙwai biyu a aljihu. Bai ɗauki injin ba, ita ma ba ta tuna masa ba.

A tashar bas ya kira Rumyana. Ya ce ta zo da akwati, ƙarami ma ya isa. Ta tambaya ko lafiya, ya ce lafiya. Da ya koma gida ya sauka ɗakin ƙasa, ya mayar da guntun gawayin cikin gwangwanin shayi ya rufe, ya jawo ƙofa. Kwaɗon yana hannunsa, amma bai sa ba, ba sauran abin tsarewa.