Firintar da Ta Sha Ruwan Buta

Har gobe ban manta da ranar da na zuba wa takarda ruwa a shagon mutane ba. Ejan ne ni a bodar Jibiya, wato mu ke cike wa direbobi takardar bayanin kaya kafin kwastan su buga hatimi. Na gaji da layin shagon buga takardu, sai na tafi Katsina in sayo firinta tawa ta gida, daidai aljihuna.

Mai shagon sayar da firinta ya dage in ɗauki mai tawada, wai har hoto take fitarwa da kala. Ɗayar mai lesa ce ta hannu, baƙi kawai take bugawa, da hoda take aiki. Na ce kowace ta buga mani shafi guda, na ɗauko butar alwalarsa na tsiyaya wa shafukan ruwa.

"Malam, lafiya kake?"

"Lafiya lau. Direba a aljihun gaba yake ajiye takarda, ga zufa, ga damina."

Shafin mai tawada ya dame kamar an zuba shuni, ɗayan kuwa ko gezau. Na ɗauko mai lesa.

Sale, abokin aikina mai firintar kala, ya samu abin yi. Kullum sai ya ce, "Ina mai talabijin marar kala?" Yana ba ni haushi, amma na haɗiye.

Wata Laraba cikin damina, ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar shanu ta iso daga Maraɗi. Sale ya buga takardar, kafin direban ya kai ofis ta wanke. Ya sake bugawa, aka naɗe a leda, direban ya zaro ta da jiƙaƙƙen hannu, lambar motar ta narke. Jami'in kwastan ya ce, "Abin da ban iya karantawa, ba ni sa mashi hatimi." Gaskiyarsa ce. Ga lokacin tashi daga ofis ya matso, ga shanu kwana biyu a tsaye, har ɗaya ta durƙushe. In suka sake kwana, sai dai wuƙa.

Sale ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa. "Don Allah, talabijin ɗin nan taka tana aiki?"

Ya turo takardar ta waya, na buga, na hau babur ba ko leda. Na isa ina ɗiga, takardar sharkaf, amma kowane harafi na nan daram. Jami'in ya shanya ta bisa tebur, ya karanta, ya goge gefe da hankici, ya dangwala hatimi. Wallahi daɗin da na ji ko ranar da na fara aiki ban ji irinsa ba.

Ku yaran yanzu, in za ku sayi kayan aiki, ku tuna hannun da takardar za ta faɗa. Sale dai bai ƙara tsokanata ba. Da sati ya zagayo ya ce in raka shi Katsina, kuma shi ya riƙo butar.