Wardin Kaka a Gindin Randa

Ranar kasuwar Cadawa ce, cikin bazarar shekarar da na shiga aji uku a lakol, Kaka ta dawo daga gidan suna ta tarar an yi wa iccen wardinta aski. Tsaye ta yi, ko ƙwaryar hannunta ba ta ajiye ba, tana kallon rassan da aka sassare aka jera a inuwar rumbu. Baba na gefe da adda, yana murmushin wanda ke jiran yabo. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, don haka danga ta kalla ta ce, "Mi wanga icce ya yi maku?"

Abin da ya jawo haka, an raba gonar gado, rabon Baba bai isa ya ciyar da mu ba, sai ya samu fili a Gangara ya ce mu tashi kafin ruwan shuka. Kowa ya yarda ban da Kaka. Ta ce ba ta tafiya ta bar wardin, gara a bar ta gidan ƙanen Baba. Ni kuwa a ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo in na dawo daga lakol, tunanin rabuwa da ita kawai yakan sa ni kuka. Wardin ba wani abin kallo ba ne, ɗan icce ne mai ƙaya a bayan makewayi inda ruwan alwala ke gangarawa, furensa ƙanana jajaye. Amma uwarta ce ta ba ta reshensa cikin jiƙaƙƙen tsumma ranar da aka kawo ta aure daga wajen Katsina, ba ta kuma sake ganin uwar ba. Furen da ya kaɗe takan shanya shi a faifai, ta zuba cikin adudun da take ajiye likkafaninta.

Tushen ya tsufa, ba ya ciruwa, sai dai a dasa reshe. Baba kuwa gwanin shingen dashi ne, kuma ga yadda ake kafa dashi a wurinmu: a sari reshe mai kauri, a bar shi ya sha iska, a soka shi cikin busasshen rairayi kafin damina, ba a ba shi ruwa don kada ya ruɓe. Shi a ganinsa duk icce mai ƙaya haka yake. Ya ce, "Inna, ki bar mani, zai kama," ya kwashi rassan a amalanke ya je Gangara ya kafa. Da ya koma dubawa, ya tarar sun zama makamashi, ya dawo yana sosa ƙeya.

'Yan tsirarun rassa suka rage a jikin tushen. Kaka ta wasa wuƙarta da sassafe, ta zaɓi ɗanyu waɗanda ba su kai kaurin ɗan yatsana ba, ta yanke su daidai ƙarƙashin gaɓa, ta zage ganyen ta bar na kai. Ta cika kaskon tsohuwar tukunya da rairayi da ruɓaɓɓen taki, ta soka su, ta tura kaskon gindin randa inda ruwa ke tsatsowa, ta kife da fasasshiyar ƙwarya. "Dashi ɗan gida ne," in ji ta, "wardi kau baƙo ne, baƙo sai da ruwa da inuwa." Aikina ya zama cika randa daga rijiya da korar kaji. Na bar zuwa gaɗa, na bar 'yar carafke, kullum ina tsugune ina leƙen ƙwarya, har Kaka ta ce ko ni ke kwancin ƙwai sai haka.

Rassan suka yi ta baƙi ɗaya bayan ɗaya har ya rage guda. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya fara ɗaure kaya, babu mai tayar da maganar Kaka. Wata safiya na ɗaga ƙwaryar, sai ga ɗan toho ja kamar ƙwayar gero a jikin reshen. Na kira ta. Ta durƙusa da ƙyar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Naɗe mani tabarmata." Haka ta hau amalanke da kaskon a cinya, ta rufa masa mayafinta, ita tana shan rana har Gangara.

Ta ga furen wardin damina da dama kafin ta rasu. Ranar da mata suka buɗe adudun don ɗauko likkafanin, ƙamshin ya cika ɗakin, na ga Baba ya fice daga gidan yana share ido.

Yanzu a Maradi nake, da famfo da firiji, yarana kuma suna dariyar randar da na ajiye a kusurwa wadda babu mai shan ruwanta. Ba su san don kaskon wardin da ke gindinta na saye ta ba. Duk gidan da na tashi, shi nake fara ɗauka.